Dokar leda: a hana ta ne ko a sa kamfanoni su biya kuɗin kwasa? Ina neman shawara

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Shawara nake nema don Allah, musamman daga waɗanda suka taɓa shiga harkar bin gwamnati da majalisa a kan wata doka.

Muna da 'yar ƙungiya ta matasa a nan Kano, tun farko aikinmu yashe kwata ne da kwashe shara ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, to duk wanda ya taɓa zura shebur a kwata ya san abin da ke ciki, ledar fiya wata ce da baƙar leda da gorunan lemo da robar tekawe, ka yashe yau ruwa ya sauka sau biyu ta koma kamar ba a taɓa ta ba, har yaran sun fara gajiya suna cewa wahala kawai muke sha. Shi ne aka zauna aka ce mu koma neman doka, kuma aka ɗora min jagorancin wannan ɓangaren.

To yanzu kanmu ya rabu biyu. Wasu sun ce kawai mu nemi a haramta leda a jiha gaba ɗaya, tunda Ruwanda ta yi tun 2008, Kenya ta yi a 2017, ga Legas nan ma ta hana robar tekawe a farkon 2024. Wasu kuma sun ce a'a, abin nema shi ne tsarin nan da ake cewa EPR, wato kamfanin da ya zuba kaya a roba ko leda ya fitar kasuwa shi zai ɗauki nauyin kwaso ta bayan an gama amfani da ita. Ni zuciyata ta fi karkata ga na biyun amma gsky ban san ƙofar wa za a fara bugawa ba, ma'aikatar muhalli ce, ko majalisar jiha, ko REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha, ko kuwa abin na tarayya ne ma ba ruwan jiha?

Sannan wani kamfanin lemo ya aiko yana so ya ba mu riguna da baro-baro da safar hannu, a sa tambarinsu, wasu cikinmu har sun fara murna. Ni dai raina bai kwanta ba tunda gobe su za mu je mu ce a ɗora wa nauyi. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka. Ngd.

Tsohon Akawu ya rubuta:

Wa'alaikumussalam ƙanina. Allah ya yi muku albarka da wannan aiki. Na ɗan yi zama a kusa da harkar kwamitocin majalisa kafin in yi ritaya, bari in faɗa maka abin da na sani.

Da farko ka cire wa 'yan uwanka tunanin cewa sabon abu za ku ƙirƙiro. Tsarin sa kamfani ya ɗauki nauyin shararsa yana nan a takarda a Najeriya, hukumar NESREA ta tarayya mai sa ido kan dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2014. A 2018 manyan kamfanonin lemo da na abinci irin su Nigerian Bottling Company da Nestlé da Seven-Up suka tsayar da ƙungiyarsu mai suna FBRA don ta riƙa tattara robobi a madadinsu. A 2020 kuma majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba. To ka ga takarda ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Abin da ya kamata ku riƙa tambaya a ko'ina kuka shiga shi ne, tan nawa na roba da leda kamfanin nan ya shigo da shi Kano bara, tan nawa ya kwashe, kuma wa ya duba ya tabbatar? Idan babu wanda zai iya amsa wannan to nan aikinku yake.

Mu da muka ɗan manyanta ai mun ga tsarin da idonmu. Lokacin kwalbar lemo ta gilas, ba ka isa ka tafi da kwalba gida ba sai ka ajiye kuɗin jingina wurin mai shago, ka dawo da ita ya maido maka da kuɗinka, motar kamfani ta zo ta kwashi kires-kires na kwalaben ta koma da su a wanke a sake cikawa. Ba wanda yake ganin kwalba a kwata don kwalba kuɗi ce, kuma ta kamfani ce. Da aka koma gorar roba sai kamfani ya sauke wannan ɗawainiya gaba ɗaya, ya bar wa ƙaramar hukuma da mai unguwa da ku masu shebur. Jamus tun 1991 ta yi dokar da ta maida nauyin kan masu kaya, daga baya a 2003 ta sa kuɗin jingina a kan gorunan da ake sha a yar. In za ka yi wa ɗan majalisa ko liman bayani ta nan za ka ɓullo masa, cikin minti biyu zai gane.

Maganar hanawa kuwa, ba na cewa ba ta da amfani, amma ku duba tarihinta a nan gida. A 2019 majalisar wakilai ta amince da ƙudirin hana leda har da tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara 3, bai taɓa zama doka ba. A 2023 gwamnatin Buhari ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan robobin da ake amfani da su sau ɗaya, bayan Tinubu ya hau ya dakatar da shi a watan Yuli na shekarar. Ita kanta Legas ɗin da suke misali da ita, da ta fara aiwatar da babban hanin a 1 ga Yulin 2025, abin da ta hana shi ne robar tekawe da tsinken shan lemo da kofuna da cokulan roba da leda mara kauri, amma ledar fiya wata da gorar ruwa ba ta taɓa su ba, cewa ta yi waɗannan kamfanoni ne za su ɗauki nauyinsu. To ka koma ka leƙa kwatarku ka ga wanne ya fi yawa.

Batun ƙofa. Tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi aikin kwashe shara, jiha kuma tana da hurumin yin dokar muhalli, amma harajin kayan da aka ƙera a masana'anta na tarayya ne. Wannan wurin ku kula da shi sosai, domin in kuka rubuta ƙudiri kuka kira abin haraji, lauyoyin kamfanoni a nan za su kama ku, tun kafin a je ko'ina an kai kotu. Ku nemi lauya ya tsara shi a matsayin wajibcin yin rajista da bayyana adadin kayan da aka shigo da su jiha da kuma kwashe wani kaso, kamfani ya kwashe da kansa ko ya biya wata ƙungiya ta kwashe masa.

Kuma kar ku fara da zauren majalisa. Ƙudirin da ɗan majalisa ɗaya ya ɗauko don a gan shi a rediyo yawanci karatu na ɗaya yake yi ya kwanta. Wanda ya fito daga ɓangaren zartarwa, ma'aikatar muhalli ta tsara, ma'aikatar shari'a ta duba, shi ya fi saurin wucewa kuma shi ake aiwatarwa. Ku nemi daraktan da ke kula da gurɓatar muhalli a ma'aikata, ba kwamishina kawai ba, kwamishina yau yana nan gobe an sauya shi, darakta da akawun kwamitin muhalli na majalisa su ne suke daɗewa kuma su suka san inda fayil yake kwana. Duk takardar da kuka kai ku yi kwafi biyu a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe.

Rigunan kamfani kuwa kar ku karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba wai gaba za ku yi da su ba, dole ma ku zauna da su a teburi ɗaya, amma ranar da za a yi zaman jin ra'ayin jama'a ba za ka iya miƙewa ka ce a tilasta musu ba alhali hotonka yana yawo da tambarinsu a ƙirjinka.

Mai Ruwa Dakata ya rubuta:

Slm. Ni ina cikin waɗanda ake maganar a ɗora wa nauyin, ina da ɗan gidan ruwan leda, to bari ku ji daga bakinmu tunda yawanci sai an gama yanke hukunci muke ji a rediyo.

Ba na musun cewa ledarmu ce ta cika kwata, nima a unguwa nake kwana kuma ruwa yana shiga gidana. Amma Baba Akawu in ana cewa kamfani kamfani sai mutane su ɗauka duk ɗaya muke da masu tireloli, alhali mafi yawanmu inji ɗaya ne ko biyu da 'yar kurkura ko tsohuwar mota ta raba kaya, ga rajistar NAFDAC, ga kuɗin dizal tunda wuta ba ta tsayawa, ga masu karɓar kuɗin shiga kala-kala kowa da rasit ɗinsa, ga ita kanta ledar da muke saye a nadi kullum farashinta sama yake yi saboda yana bin dala, abin da ke saura a kan jaka ɗaya wlh ba wani abu ba ne. In aka zo aka ce kowane gidan ruwa sai ya yi sabuwar rajista ya biya sabon kuɗi, abu biyu ne zai faru, masu gaskiya su ƙara kuɗin ruwa, marasa gaskiya su koma lungu suna bugawa ba rajista ba komai, kuma su ne ma ruwansu ya fi haɗari.

Shawarata ita ce in za a karɓi kuɗi a karɓa daga sama. Mu gidajen ruwa muna da yawa ba mai iya bin mu ɗaya bayan ɗaya, amma masu buga nadin leda su sayar mana ba su da yawa, an san inda suke, su kuma ƙwayar robar da suke narkawa ko dai daga waje aka shigo da ita ko daga irin su Indorama da ke Eleme a jihar Ribas. In an ɗora wani ɗan abu a kan kowane kilo na nadi a can, kowa ya biya daidai yawan abin da yake bugawa, babba ya biya da yawa ƙarami ya biya kaɗan, ba sai an turo mana wasu sabbin masu rasit ba.

Sannan don Allah ku masu ƙungiya ku daina maganar hana fiya wata ko da wasa. Mutane ba don sha'awa suke sha ba, famfo ne ba ya zuwa, a asibiti shi ake sha, a makaranta shi, a gidan biki da gidan makoki shi. Ranar da ruwa mai tsafta ya wadata a famfo kasuwarmu da kanta za ta ragu. Muna da ƙungiya, ATWAP, ku nemi shugabanninta na jiha tun yanzu kafin ku rubuta komai, in kuka bari sai a zauren majalisa muka fara ganin takardarku to gsky a matsayin abokan faɗa za mu zo.

Ɗan Maraɗi ya rubuta:

Gaisuwa ga kowa daga Maraɗi. Ina goyon bayan abin da Baba ya faɗi kan hanawa, don mu nan mun riga ku gani. Majalisarmu ta yi doka tun watan Nuwamba na 2014 wadda ta hana ƙerawa da shigowa da saidawa da ma ajiye leda mara kauri a Nijar. Doka ce sosai, an sa mata hannu. Amma ka zo babbar kasuwa yau ka sayi tumatir ka ga cikin mi za a ƙulla maka, ka fita bayan gari ka ga itatuwan ƙaya yadda baƙar leda ta lulluɓe su, gonaki na kusa da gari sai an tsince leda kafin a yi shuka.

Dalili a fili yake. Ba a kawo abin da zai maye gurbinta da arha ba, kuma iyaka a buɗe take, ledar da munka hana ta nan Jibiya da Ɗan Isa take shigowa tare da sauran kaya, 'yan duwan, wato kwastan, nawa za su tsare wannan? Ruwanda da ake misali da ita ƙaramar ƙasa ce kuma sun tsananta bincike har a filin jirgi. To ku ma Kano in kunka hana ku kaɗai, Jigawa da Katsina da Kaduna ba su hana ba, daga can za ta riƙa zuwa, kuma masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa da ke ba mutane aiki su za su ji a jikinsu.

Abin da nike roƙo, in Allah ya sa kun kai ga rubuta wani abu, ku tuna da mu, kaya da yawa da ake sha nan daga Kano suke zuwa, robarsu kuma nan take mutuwa.

Mai Sikeli ya rubuta:

Ni ɗan jari bola ne, ina da fili ina saye daga hannun yara ina tarawa ina saidawa masu injin niƙa. Na karanta duk abin da aka rubuta kuma na ji daɗi amma akwai abin da ban ga an taɓo ba.

Duk robar da kuka ga an sake sarrafawa a garin nan mu muka tsinto ta, ba wata hukuma ba, ba wani kamfani ba. Yaro ya fita da buhu tun asuba, ya shiga bola da silifas, kwalba ta yanke shi, allurar asibiti ta soke shi, ya kawo a auna. Kuma abin da yake da kuɗi shi yake ɗauka. Ƙarfe da alminiyam da jan waya su ne gaba, sai roba mai tauri irin fasasshen bokiti da kujera da jarka, sai gorar ruwa da ta lemo, ita ma sai an cire murfi an ɓare takardar jiki an ware fara daban mai kala daban an matse, don in ba a matse ba mota za ta cika da iska ne kawai kuɗin dakon ya cinye ribar. Ledar fiya wata ana saye amma sai ta bushe ba ƙasa a jiki, kuma ba ta da nauyi, sai yaro ya tara tuli guda kafin ta yi kilo, shi ya sa da yawa ba sa ɓata lokacinsu a kanta.

Akwai kuma wadda ko kyauta ba mai karɓa, irin ledar omo da ta madara da ta biskit da ta taliyar yara, masu ƙyalli a ciki ɗin nan, an haɗa leda da wani abu kamar alminiyam an manne su ba sa rabuwa, inji ba ya cin su. Waɗannan ko a ƙona ko su tafi kwata, ba hanya ta uku. To in za ku yi doka ku sa ido a nan. In aka ce kamfani ya kwashe kashi kaza na roba kawai ba a bambance ba, zai zo wurina ya sayi gorunan da dama can muna tarawa ba tare da shi ba, ya ɗauki hoto ya rubuta rahoto ya ce ya cika sharaɗi, kwatarku kuma tana nan yadda take. Dole a ce kowane irin kaya da nasa lissafin, kuma wanda ya zaɓi ya zuba kayansa a ledar da ba ta sarrafuwa ya biya fiye da kowa, ta haka ne zai ji zafi ya canza.

Abu na biyu, tsoron da muke ji. Duk lokacin da kuɗi ya shigo harkar shara sai a kawo ɗan kwangila mai sabbin motoci a ba shi, mu kuma a ce mana ɓarayi a kore mu. Ban ce babu ɓata-gari a cikinmu ba, akwai masu cire murfin kwalbati da wayar wuta kuma mu ma suna ɓata mana suna, amma a farkon 2025 a Abuja hana yawon baban bola aka yi gaba ɗaya, mai laifi da mara laifi. Muna da ƙungiya ta dillalai, NASWDEN, a yi mana rajista a ba mu katin shaida a san kowa da inda yake saye, sannan a rubuta a cikin dokar ƙarara cewa wani kaso na kuɗin zai zo kan kowane kilo da aka auna. In ledar fiya wata ta samu ƙarin kuɗi a kan sikeli, ba sai kun yi wa kowa wa'azi ba, cikin ɗan lokaci za ku neme ta a titi ku rasa.

Maman Ilham ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni dai ban yarda a ajiye maganar hanawa gaba ɗaya ba. Baƙar ledar nan siririya da ake ba ka kyauta ko ashana ka saya, wane kamfani za ku kama a kanta? Ba suna a jiki ba adireshi. Mai Sikeli da kansa bai lissafa ta cikin abin da ake saye ba. Ita ce awakinmu suke ci, duk mai kiwo a cikin gida ta san wannan, akuya tana ci tana sha amma tana ramewa ciki ya kumbura, sai an yanka mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta. Ita ce kuma mata suke hura gawayi da ita, hayaƙin yana shiga ƙirjin yara a tsakar gida. Wannan kam a sa mata ƙa'idar kauri kamar yadda Legas ta yi, wadda ba ta kai ba a daina bugawa, mai kauri kuma a riƙa saidawa kar a bayar kyauta, mutum in ya saya da kuɗinsa zai adana ya sake amfani da ita.

Kuma Ɗan Kurna in za ku zauna ku sa mata a ciki don Allah, ba a kira mu ranar taro a ba mu kujerar baya ba. Mu ne muke ƙulla koko da alala da zoɓo da ƙanƙara a leda, da shi ake biyan kuɗin makarantar yara, duk dokar da za ta taɓa leda mu za ta fara taɓawa. Ku shiga islamiyyun matan aure ku ji abin da za su ce.

Ɗan Kurna ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wlh na ƙaru sosai. Baba na ji maganar riguna, zan kai wa 'yan uwa kuma zan tsaya a kan kar a karɓa. Alhaji Mai Ruwa in ba damuwa zan so ka haɗa mu da shugabanninku. Hajiya maganarki gaskiya ce kuma ina ganin ba ta ci karo da ta Baba ba, siririyar leda a sa mata ƙa'ida, mai suna a jiki a bi mai sunan.

Abin da ya rage min shi ne wannan, in aka ce a tara kuɗi, wa zai riƙe? Don kowa ya san yadda asusu yake ƙarewa in ya shiga hannun da ba a iya tambaya. Kuma mu ba mu da kuɗin ɗaukar masana su yi mana bincike, da me za mu shiga ofis mu ce ga hujja?

Tsohon Akawu ya rubuta:

Tambayar riƙon kuɗi ita ce wurin da irin wannan doka take rayuwa ko ta mutu. Ghana ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan roba a 2013 da niyyar a zuba wani kaso a asusun sarrafa shara, masu masana'antar roba na can suka yi shekaru suna kukan cewa ana karɓar kuɗin amma ba ya isowa ga aikin da aka ce. Da zarar kuɗi ya faɗa babban asusun gwamnati sai ya bi layi da albashi da hanya da komai. Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar, dokarta da ta fara aiki a 2021 ta wajabta wa kamfanoni rajista da biyan kuɗi ga ƙungiyoyin da ke kwasa a madadinsu, gwamnati ita ce mai sa ma'auni da binciken lissafi, kuma an rubuta a ciki cewa a riƙa biyan masu tsintar bola da suka yi rajista ladan aikinsu. Wannan shi ne abin da Mai Sikeli yake nema, ku samo dokar ku ba lauyanku ya karanta. Ni a ganina kuɗin kar ya shiga baitulmali, a kwamitin da ke sa ido a sa wakilin 'yan jari bola da na masu ruwa da na mata masu sana'a, kuma a wajabta buga lissafi a fili duk shekara, abin da aka karɓa da tan nawa aka kwashe a kowace ƙaramar hukuma.

Hujja kuwa tana cikin kwatar da kuke yashewa. Wannan Asabar ɗin in kun fito da shara kar ku loda a mota nan take, ku shimfiɗa tamfol ku ware, gora daban, fiya wata daban, mai ƙyalli daban, baƙar leda daban, ku aro sikeli ku auna kowanne, masu suna a jiki ku ƙirga ku rubuta sunan da adadin, ku ɗauki hoto da kwanan wata da sunan unguwa, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida. Ku maimaita a wurare daban-daban, bakin kasuwa da tasha da cikin unguwa, kafin damina da tsakiyarta. Ƙungiyoyi a ƙasashe da yawa suna irin wannan ƙidayar tun 2018 kuma kamfanoni suna jin ta don sunansu ne yake fita. In akwai ɗaliban BUK ko na jami'ar Wudil a cikinku ku sa su nemi malami a sashen da ya shafi muhalli ya duba muku tsarin ƙidayar don kar a ce son rai ne.

Sannan ku rubuta wa NESREA takarda a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ku nemi jerin kamfanonin da suka yi rajista a tsarin EPR da abin da aka bayar da rahoton an kwashe a Kano, doka ta ba su kwana 7 su amsa. In sun amsa kun samu alƙaluma, in ba su amsa ba kwafinku mai hatimi shi ma abin nunawa ne.

Duk abin da kuke nema ku matse shi a shafi ɗaya, Hausa a gaba Turanci a baya, kowace ƙungiya da ke tare da ku ta sa hannu, kuma ku fitar da mutum biyu kawai masu magana da 'yan jarida don kar wani ya je rediyo ya ce a hana fiya wata ya rusa muku zaman da kuka yi da su Alhaji. Ku yi ƙoƙari takardar ta isa ma'aikata kafin su fara haɗa kasafin kuɗin baɗi, wajen tsakiyar shekara zuwa watan Satumba, don ko an yi doka in ba a ware kuɗin masu bincike da rajista ba sai ta jira wata shekarar. In kun gama daftarin shafin ka sako shi nan mu duba tare.

Mai Sikeli ya rubuta:

Sikeli kar ku aro, ina da na rataye guda biyu, ka yi min magana ta akwatin saƙo in turo yaro da su ranar Asabar, zai kuma nuna muku yadda ake bambance wadda inji yake ci da wadda ba ya ci. Ku tanadi safar hannu masu kauri da takalman roba, kwatar bakin kasuwa akwai fasassun kwalabe da reza a ciki.